Yadda ake cewa “ya fi” da Amharanci: bitar nahawun Wolf Leslau

A shekarar 1995 kamfanin ɗab'i na Harrassowitz da ke birnin Wiesbaden a Jamus ya fitar da Reference Grammar of Amharic, nahawun Amharanci mai shafi fiye da 1,000, wanda Wolf Leslau ya kammala yana dab da cika shekara 90 a duniya. Yau shekara 30 ke nan ko fiye, kuma da wuya wani ya yi rubutu mai nauyi a kan wannan harshe bai jingina da littafin ba. Irin wannan kundi ba a auna shi da karatu daga bango zuwa bango. Mutum shigarsa yake yi da tambaya guda, ya ga ko zai fito da amsa, da kuma irin wuyar da zai sha kafin ya fito. Tawa tambayar gajera ce: yaya mai jin Amharanci ke cewa doki ya fi jaki sauri, kuma yaya yake cewa wane ya fi kowa?

Duk wanda ya yi karatun nahawu a zaure zai zo da zato a ransa. Amharanci ɗan dangin Larabci ne, kuma a cikin wannan dangi na harsunan Samiyawa babu wanda ya fi shi yawan masu magana sai Larabcin kansa. Ƙidayar da aka yi a Habasha a 2007 ta nuna mutum fiye da miliyan 21 da suka tashi da shi a baki, ban da ɗimbin masu jin sa a matsayin harshe na biyu. To, tunda Larabci yana da ismut tafdili, wato awon af'alu da ke mayar da kabir ya koma akbar, karim ya koma akram, almajiri zai sa rai ya tarar da makamancinsa a nan. Babu shi. Sifa a Amharanci ba ta sake kama don nuna fifiko. Dogo dai dogo ne, ko an gwada shi da wani ko ba a gwada ba. Ba kuma Amharanci ne ya yi saɓo ba: Ibrananci na dā da Gi'iz, tsohon harshen cocin Habasha, su ma ba su da wannan awo. A wannan wuri Larabci ne ya fita daban a cikin 'yan'uwansa.

Abin da harshen ke yi shi ne ya manna ɗan harafi ke- a goshin abin da aka fi. Ma'anar farko ta wannan harafi ita ce “daga”. Misalan da ke tafe nawa ne, kuma na rubuta su da boko gwargwadon yadda Habashawa kan yi a wayar salula, sai dai na yi amfani da ƙ ɗinmu, domin sautin nan yana cikin Amharanci daidai yadda yake a bakin Bahaushe; inda kuma na sa alama bayan baƙi, kamar a t', sauti ne da ake fizgowa daga maƙogwaro kamar yadda muke fizgo ƙ da ts. Idan aka ce ke-Gonder met't'a, ana nufin ya zo daga Gondar. Idan aka ce Almaz ke-Kebbede rejjim necc, kalma bayan kalma an ce “Almaz daga Kebbede doguwa ce”, ma'ana ta fi shi tsawo. Kamar an tsaya a wurin Kebbede ne aka fara awo, sai aka ga Almaz ta yi gaba. Larabci ma da min, wato “daga”, yake wannan aiki a akbaru min, sai dai shi ya haɗa biyu, ga min ga kuma awon af'alu.

Da a ce Leslau ya tsaya a nan, da bai wuce ƙananan littattafan koyon harshe da ake sayar wa matafiya ba. Ƙarfin littafin yana cikin rashin gaggawarsa. Al'adar marubucin ita ce ya kawo ƙa'ida a layi biyu ko uku, sannan ya bi ta da misalai, jumla bayan jumla, har sai mai karatu ya fara hango abubuwan da ƙa'idar ba ta faɗa ba. Mutumin da rayuwarsa ta ƙare a tattarawa ne. An haife shi a garin Krzepice na Poland a 1906, ya yi karatu a Biyana, sannan a Paris ƙarƙashin Marcel Cohen, wanda shi ma ya wallafa babban nahawun Amharanci da Faransanci a 1936. Yaƙin Duniya na Biyu ya koro shi zuwa Amurka a 1942, ya fara taka ƙasar Habasha a 1946, kuma daga 1955 ya zauna a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. Shi ne ya bi sawun harshen Gafat a yankin Gojjam har ya samo tsofaffi huɗu da suka rage suna jin sa, ya rubuta abin da ya iya kafin harshen ya mutu. Ƙamus ɗinsa na harsunan Gurage, juzu'i uku, ya fito a 1979, na Gi'iz kuma a 1987. Wanda ya saba da irin wannan aiki ba ya yarda da ƙa'idar da ba ta zo da shaidu ba, kuma ba ya zubar da misali don kawai ya ƙi shiga layi.

Abu na farko da tarin misalan ke koya wa mutum shi ne cewa mai Amharanci ya fi sakewa da aikatau a kan sifa idan ya zo kwatanci. Yawancin sifofin harshen suna da aikatau daga saiwa ɗaya da su: rejjim dogo ne, rezzeme kuma ya yi tsawo, fet't'an mai sauri ne, fet't'ene kuma ya yi sauri. Saboda haka jumlar Almaz ta ɗazu takan fito a matsayin Almaz ke-Kebbede tirezmallecc, doki da jaki kuwa feres ke-ahiyya yifet'nal. Ba a ƙara wata kalma mai ma'anar “fiye” ba. Harafin ke- da aikatau sun ɗauke nauyin gaba ɗaya.

Daga nan ne Bahaushe zai fara jin ƙanshin gida. Akwai wani rukunin aikatau a harshen waɗanda kwatanci ne sana'arsu tun asali: bellet'e ya fi ko ya wuce, laƙe ya zarce, annese ya gaza, teshale ya fi kyau ko ya fi dacewa, base ya fi muni, akkele ya kai. Ana cewa T'ana ke-Ziway yibelt'al, tafkin Tana ya fi na Ziway girma. Ana cewa Addis Abeba ke-Gonder tibelt'allecc, da aikatau na mace, domin su ma sukan ɗauki gari tamkar mace kamar yadda muke cewa Kano ta fi Zariya girma. Mafi ban sha'awa, bellet'e yana iya ajiye ke- gefe ya ɗauki karɓau kai tsaye. Yibelt'enyal kalma ɗaya ce, fassararta kuma “ya fi ni” ne, babu ragi babu ƙari. A sa be-idme a gabanta, wato “a shekaru”, ta zama ya girme ni. Haka ma liju abbatun yahlal, yaron ya kai ubansa. Wannan ba ginin “daga” ba ne. Ginin “fi” da “kai” ne, wanda Hausa ta dogara a kansa kacokan.

Wannan yana da muhimmanci ne saboda yadda masana suka rarraba harsunan duniya a kan wannan batu. A littafinsa Comparison and Universal Grammar na 1985, Leon Stassen ya kasa harsuna gwargwadon dabarar da suke bi wajen kwatanci. Amharanci ya faɗa rukunin masu cewa “daga”, tare da Larabci da Turkanci da Japananci da Hindi. Hausa ta faɗa rukunin masu amfani da aikatau na wucewa, rukunin da ya mamaye Afirka kudu da Sahara: Fulatanci da ɓuri, Yarabanci da ju, har Turancin buroka da pass ɗinsa. Daga baya, a 2003, Zelealem Leyew na Jami'ar Addis Ababa da Bernd Heine na Jami'ar Kolon a Jamus suka nuna cewa dabarar “daga” alama ce ta yankin arewa maso gabashin Afirka baki ɗaya, ba ta dangi ɗaya ba. Gaskiya ne kuwa: Tigrinya na cewa kab, Somaliyanci na cewa ka, dukansu “daga”. Rabe-raben nan suna da amfani, kuma Stassen da kansa ya yarda cewa harshe kan mallaki dabara ta biyu bayan ta farko. Amma taswira launi ɗaya take bai wa kowane harshe. Wanda ya zauna da shafukan Leslau zai ga cewa Amharanci ƙafa biyu yake tsaye, ɗaya a “daga”, ɗaya a “fi”, kuma sau da yawa yakan taka su lokaci guda, kamar a jumlar tafkin Tana inda ke- da bellet'e suka haɗu. Leslau bai yi wannan muhawara ba, ba ta cikin damuwarsa. Ya dai zube kayan da za a yi ta da su, kuma a ganina wannan ya fi wata doguwar fassara da zamani zai wuce da ita.

Hujjar ta ƙara ƙarfi idan aka dubi kalmomi biyu da littattafan koyo kan fassara da “fiye”, wato yiliƙ da yibelt'. Mai koyo zai haddace su kamar wasu ƙananan kalmomi marasa asali. Alhali dukansu aikatau ne da suka daskare a siga ɗaya: yiliƙ daga laƙe, yibelt' daga bellet'e, kowanne da ma'anar “yana zarcewa”. Haka yahil, mai ma'anar “gwargwadon” ko “kimanin”, daga akkele ya fito. Mu ma haka muka samo “fiye da” da “mafi” daga “fi”. Ana cewa ke-shay yiliƙ bunna iweddallehu, na fi son gahawa a kan shayi. Ana cewa t'ef ke-sinde yebellet'e widd new, hatsin tef, wanda ake yin gurasarsu ta injera da shi, ya fi alkama tsada. A nan yebellet'e na nufin “wanda ya fi”. Tsarin littafin na tura mai karatu daga wannan sakin layi zuwa wancan ta hanyar lambobi, da kuma faharasa mai faɗi a ƙarshe, shi ke sa a iya bin kalma irin wannan daga inda take aiki zuwa saiwar da ta tsiro. Har kalmomin zumunta abin ya shafa: tallaƙ da tannash, waɗanda ake bambanta wa da ƙane ko ya da ƙanwa da su, dangin laƙe da annese ne, haka ma tilliƙ babba da tinnish ƙarami.

Teshale ya cancanci a ɗan dakata a kansa. Jerin kalmomin Amharanci yana kai aikatau ƙarshen jumla, kuma abin da aka rataya wa ke- yana iya zuwa farko. Saboda haka ana iya cewa ke-shay bunna yisshalal. A fassara shi a jere: da shayi, gahawa, gara. Ke-mehed meƙret yisshalal: da tafiya gara zama. Wannan ginin karin maganarmu ne, na “da babu gara ba daɗi” da “da muguwar rawa gara ƙin tashi”, inda ake fara ajiye abin da aka ƙi sannan a kawo wanda aka zaɓa. Ashe Hausa ma, duk da sunan da ta yi a rukunin “fi”, tana da wata ƙofa ta gefe inda harafi ke riƙe abin da aka fi. Paul Newman ya ware wa kwatanci babi guda a babban nahawunsa na Hausa da Jami'ar Yale ta buga a 2000, kuma karanta shi kusa da na Leslau darasi ne mai daɗi. Ba ina cewa kamannin nan gadon kaka ɗaya ba ne. Hausa 'yar reshen Cadi ce, Amharanci ɗan reshen Samiyawa, kuma dubban shekaru ke tsakaninsu ko da yake asalin danginsu ɗaya ne. Irin wannan gini harsuna kan ƙirƙiro shi kowa da kansa. Haka nan kamar da ke tsakanin new da necc nasu da “ne” da “ce” namu, na namiji da na mace, tana faranta kunne amma ba hujja ba ce.

Teshale ɗin dai shi ne aikatau na gaisuwar mara lafiya. Inda muke cewa ya jiki, a amsa da sauƙi, su sukan tambaya teshaleh ga namiji, teshalesh ga mace, wato ya yi maka dama? Idan kuwa ciwo ya tsananta sai a ce basebbet, ya ƙara muni a kansa. Kwatanci ne tsakanin jiya da yau ba tare da an ambaci jiya ba. A kasuwar Merkato ta Addis Ababa kuma korewa ce ke aiki: ke-meto birr aybelt'im, bai wuce birr 100 ba. Inda muka aro “aƙalla” daga Larabci, wanda shi kansa awon af'alu ne, su da kayan gida suka ƙera biyans, “in ya gaza”. Kishiyarsa bibeza kuwa daidai take da namu “in ya yi yawa”.

Batun wanda ya fi kowa bai da wani sabon gini. Ana ɗaukar hullu, wato “duka”, a rataya masa ke-, shi ke nan: ke-hullu yibelt'al, ya fi duka. Dutsen Ras Dashen, mai tsayin mita fiye da 4,500, ke-Ityop'ya terarocc hullu yibelt'al, ya fi dukan duwatsun Habasha. Hausa ma haka take yi da “kowa” da “duka”. Akwai kuma hanya ta biyu, inda ake fara ambaton taron sannan a nuna ɗaya da ɗafa-ƙeyar tantancewa: ke-lijoccu mekakkel tilliƙu issu new, a cikin yaran shi ne babban. Sai kalmomin ƙarfafawa irin su bet'am da ijjig, ƙwarai da matuƙa, waɗanda ba sa gwada abu da kowa. Laƙabin sarakunan dā, niguse negest, sarkin sarakuna, shi kuma gadon Gi'iz ne, ba ginin yau da kullum ba.

Jumlar Ras Dashen tana ɓoye da wani tarko, kuma a nan ne amfanin cikakken nahawu ke bayyana a kan littafin jumlolin matafiya. “Duwatsun Habasha” shi ne ye-Ityop'ya terarocc, da harafin mallaka ye- a gaba. Amma ƙa'ida ce a harshen cewa ye- yana faɗuwa idan wani harafi ya shigo gabansa. Sai ya zamana abin da ido ke gani shi ne ke-Ityop'ya, mai koyo kuma ya karanta “daga Habasha”, ya ɓata hanya tun a kalmar farko. Wannan ye- ɗin shi ne kuma ke ƙulla jumlar dogarau, saboda haka “fiye da yadda na zata” yakan fito a matsayin kassebkut belay, inda ke- ya haɗiye ye- sannan wasalinsa ya narke cikin na aikatau. Ga shi kuma ke- yana da wasu ayyukan: da gar a bayansa ya zama “tare da”, da behwala ya zama “bayan”, a goshin aikatau na shuɗaɗɗen lokaci kuma ya zama “idan” ko “tunda”. Leslau ya bi waɗannan duka, kowanne a mazauninsa. Ɗan harafi ɗaya ne, amma kamar maɓallin maigida yake, ɗakuna da yawa yake buɗewa, kuma wanda ya san ƙofa ɗaya kawai zai sha tsayuwa a waje.

Akwai wani alheri da ya kamata a yaba. Rubutun Amharanci, wato fidel, mai baƙaƙe 33 na asali kowanne da siffa bakwai gwargwadon wasalinsa, ba ya nuna shadda. Ale “ya ce” da alle “akwai” rubutunsu ɗaya, haka gena “tukuna” da genna “Kirsimeti”. Ɗan ƙasa ba ya tuntuɓe, kamar yadda mu ba ma tuntuɓe a kan tsawon wasali da karin sautin da boko ba ya rubutawa, amma baƙo yana cikin duhu. Leslau yana sa alamar shadda a kan baƙaƙen, kuma a aikatau irin su yisshalal wannan alama ita ce bambanci tsakanin furuci na gaskiya da na kame-kame.

Littafin yana da nasa raunin, kuma a sashen kwatanci ana jin sa. Na farko, kanun “kwatanci” da “mafifici” kaya ne da aka gada daga nahawun Latin ta hannun Turawa. A harsunan da sifa ke da matakai uku, raba su yana da dalili. A Amharanci kuwa, kamar a Hausa, mafifici kwatanci ne kawai da aka yi da “duka”. Mai karatun da Leslau ya hanga shi ne wanda ke tunani da Turanci yana neman abin da zai saka a gurbin kalmomin Turanci, kuma wannan ya sa abin da ke da asali ɗaya a harshen ya warwatsu, abin da kuma fassara ce kawai ta haɗa shi ya taru wuri guda. Bahaushe zai so a ce an fara daga aikatau shida ɗin nan a gina komai a kansu. Wannan salo na Turawa layi ne da ya daɗe: daga Hiob Ludolf, wanda ya buga nahawun Amharanci na farko a Frankfurt a 1698 bisa abin da ya koya daga malamin coci Abba Gorgoryos, zuwa Franz Praetorius a 1879, zuwa Cohen, duk daga waje ake leƙo harshen. Littafin Leslau shi ne ƙololuwar wannan layi, da kyansa da iyakarsa.

Na biyu, littafin gwani ne wajen jero hanyoyi, amma ba ya yawan auna su. Ga ke- shi kaɗai da sifa, ga shi da aikatau, ga shi da yiliƙ, ga shi da yibelt', ga yebellet'e. Wanne ne ya fi yawa a bakin mutane? Wanne ne na jarida da takardun gwamnati, wanne na hira a gidan gahawa? Mai koyo zai fito da makamai biyar bai tabbatar da wanda zai fara zarowa ba. An rubuta littafin kafin zamanin da kwamfuta ke ƙirga miliyoyin jumloli cikin ɗan lokaci, don haka ba laifi ba ne a ce bai kawo alƙaluma ba, amma mutumin da ya yi shekara kusan 50 yana sauraron harshen yana da hukuncin da za a so a ji fiye da yadda ya bayar. Kawaicinsa a nan ya yi yawa. Harshe kuma bai tsaya jiran kowa ba. Matasan Addis Ababa sukan ce abu yemec'erresha ne, “na ƙarshe”, idan ya kai maƙura a kyau ko a muni, kamar yadda namu ke cewa wance ƙarshe ce. Irin wannan magana a titi da fina-finai ake tsintar ta, ba a kundin 1995 ba.

Na uku shi ne wanda zai fi cizon mai nazarin harsuna daga nesa. Dogayen jumlolin misali da fidel suke, sai fassarar Turanci mai santsi, ba a feɗe su gaɓa-gaɓa ba. Kalma kamar yibelt'enyal tana ɗauke da mai aiki da saiwa da karɓau da alamar lokaci a dunƙule, kuma wanda bai riga ya iya rarrabe su ba, fassarar ba za ta nuna masa inda “ni” yake ba. Ɗalibin kimiyyar harshe a Kano ko Yamai da ke son gwada ginin Hausa da na Amharanci sai ya fara koyon baƙaƙe fiye da 230 da jadawalin aikatau kafin littafin ya buɗe masa baki. Ni ina ganin wahalar ta cancanci a sha, amma wahala ce, ga nauyin littafin a hannu da a aljihu.

Saboda haka ba kowa zan aika wurinsa ba. Ɗan kasuwar da jirgi ke sauke shi a filin Bole na Addis Ababa yana son ya yi ciniki, Colloquial Amharic na David Appleyard, wanda shi ma ya fara fitowa a 1995, ya fi masa. Mai son tsarin Leslau a taƙaice yana da Introductory Grammar of Amharic, wanda tsohon ya fitar a 2000 yana da shekara fiye da 90, shekara shida kafin rasuwarsa a Nuwamban 2006, kwanaki kaɗan bayan ya cika 100. Wanda kuma ya iya harshen har yana karatu da shi, ya haɗa da nahawun da Farfesa Baye Yimam na Jami'ar Addis Ababa ya rubuta da Amharancin kansa, domin ya ji yadda ɗan gida ke yanka batun. Babban kundin na wanda ke da tambaya ne mai kaifi, wanda ya gamu da jumla a jarida ko a labari ta ƙi warwaruwa. Shi ma ina ba shi shawara kada ya faɗa sashen kwatanci kai tsaye. Ya fara da shafukan da suka yi bayanin ke- da ayyukansa, ya bi da na jumlar dogarau da faɗuwar ye-, sannan ya nemi bellet'e da laƙe da annese a faharasa ya bi lambobin duk inda suka kai shi.